Baba Idi Ya Dawo Da Su Da Baya-Baya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin duba mai a tasha da safen nan aka ce mini Baba Idi direba ya rasu.



Shi ya koya mini tuƙi a kan hanyar Filinge zuwa Bonkuku. Sati biyu cur bai bar ni na sa giyar gaba ba. Kullum sai bayan gari, cikin rairayi, ina ja da baya mutane suna yi mini dariya. Ranar da na yi fushi na ce ni gaba nake son koya, sai ya ce:

"Yaro, kowa ya iya tahiya gaba. Hanyag ga, wanda bai iya baya ba, ba shi komowa gida."

Bai yarda da madubi ba. Buɗe ƙofa yake yi, ya leƙo da kai, hannu ɗaya a sitiyari, yana bin sawun tayarsa. Wai inda taya ta taka ta wuce lafiya, nan kaɗai ne ka tabbata ba a binne nakiya ba.

Shekaranjiya muka sha shayi tare. Yana ta murza wuya, ya ce ya ƙi juyawa kwana biyu. Na ce ya huta, ni zan kai fasinjansa. Ya harare ni.

"Kai da har yau kake karkace gindin mota? Bari sai ka ƙware."

Fasinjan da ya ɗauka jiya suka ce sun hango mutane a kan babura sun tare hanya, a wurin da mota ba ta da filin juyawa. Baba Idi ya sa giyar baya. Ya buɗe ƙofa, ya leƙo da kai kamar kullum, ya ja da baya har cikin ƙauyen da suka baro. Kowa ya sauka da ƙafarsa. Shi ne aka sauko da shi, rai ya yi halinsa.

Wallahi tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Gobe kasuwa, kuma lodina ne na farko.

Allah Ya jiƙan Baba Idi, Ya sa ya huta, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya sa mu da za mu bi hanyar gobe a ciki.