Jar Sanda a Makon Cirar Albasa

Karatuna na boko bai wuce aji uku ba. Ukun ma akwai gardama, don rabin kwanakin a fadama na yi su ina harbin kurciya. Abin da na fito da shi, na san lamba, kuma ina iya rubuta sunana kamar tururuwa ta faɗa tawada ta rarrafo. Sauran ilimina duk na albasa ne.

Sai Allah ya ba ni ɗiya mai kai. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake ce mata, ko a gaban mutane. Ta yi karatun gine-gine, ta dawo gida da kwamfuta a jaka da hular kwano irin ta masu aikin titi.

A shekarar da nake ba da labari, ƙungiyarmu ta manoma ta samu taimako za a gina mana ɗakin ajiyar albasa a kan hanyar Kashin Zama, mai tagogi ta ko'ina da shimfiɗar katako hawa-hawa don iska ta ratsa. Aka ce Uwata ce za ta tsaya a kan aikin. Wasu dattawa suka yi gyaran murya, amma ba wanda ya fito ya ce a'a, tunda ina zaune. Sharaɗi ɗaya aka kafa mata: a rufe kwano kafin ruwan farko. Dalili kuwa, da yawanmu ba mu kafa rudu ba a shekarar, wato rumfar kara da ciyawa da muka saba jibge albasa a ciki. Kowa ya dogara da sabon ɗaki. In ruwa ya sauka albasa na waje, ruɓewa za ta yi, kuma kowa ya san sunan wa za a kira. Aikinta na fari ke nan.

Wata rana bayan la'asar na same ta a zaure ta buɗe kwamfuta a kan tabarma. Na leƙa. Na zaci rubutu zan gani in yi gaba abina, sai na ga zane. Sanduna ne kwance, wata doguwa wata gajera, kowace a layinta, suna saukowa daga hagu zuwa dama kamar matakalar bene.

Na ce, "Uwata, mi na na? Kara kike shanyawa a cikin na'ura?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, jadawalin aiki ne. Zauna in nuna maka."

Na zauna, gwiwa na ƙara. Ta nuna mini cewa a gefen hagu sunayen ayyuka ne a jere: tonon tushe, zuba kankare, jera bulo, ɗaura katako, buga kwano. A sama kuma kwanaki ne, suna tafiya dama. Kowane aiki yana da sandarsa. Inda sanda ta fara, ran nan za a fara aikin. Inda ta tsaya, ran nan za a gama. Tsawonta shi ne yawan kwanakinsa.

Na lura wasu sandunan rabinsu duhu ne, rabi haske. Ta ce duhun shi ne abin da aka riga aka yi. Nan take kaina ya ɗauka. Ai fangali ne, ɗan filin albasa da ake kewayewa da kunyar ƙasa a sakar masa ruwa. Ruwa na shiga ta baki, ƙasa na yin duhu tana tafiya har ta kai ƙarshe. Na ce mata haka. Ta dube ni ta ce ko malaminsu bai faɗe shi da kyau haka ba. Na san lallashi ne, amma na karɓa.

Akwai 'yan siraran kibiyoyi da ke fita daga wutsiyar wata sanda su lanƙwasa su shiga kan ta ƙasa. Wannan ban ma jira bayani ba. Hanyar ruwa ce. Sai fangalin sama ya cika kake toshe shi ka buɗe wa na ƙasa. Ba a jera bulo sai kankare ya sha iska, ba a buga kwano sai katako ya hau.

Sai wani dogon layi a tsaye, ya ratsa allon daga sama har ƙasa. Ta ce wannan shi ne yau. Kullum gari ya waye yana matsawa dama taki ɗaya, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Wannan layin bai yi mini ba. Ya yi kama da mai unguwarmu, ba ya jin uzuri.

Can ƙarshe, ƙasa a dama, akwai ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, tsaye a kan tsininsa. Na ce, "Wanga ai zi na, na karta."

Ta ce, "Baba, ina ka san karta?"

Na ce labari na ji.

Ta ce shi ba aiki ba ne, ba shi da tsawo, rana ce guda: ranar da za a ce an rufe ɗaki, a kawo albasa. Ta ajiye shi 'yan kwanaki kafin lokacin da muka saba ganin hadarin farko.

Yawancin sandunan shuɗɗa ne, wasu da ɗan siririn zare a wutsiya. Zaren, in ji ta, sarari ne: aikin zai iya jinkiri har iyakar zaren ba a yi ɓarna ba. Amma akwai jajaye, su ba su da zare ko kaɗan. Ta kama wata ja ta ja ta dama kwana ɗaya don in gani. Duk jajayen da ke ƙasa suka zabura tare, zi ma ya matsa. Ta mayar da ita, suka dawo.

Ranar ce na yi abin da na daɗe ina fahariya da shi. Na ga wasu ratsi-ratsi masu ruwan toka a tsaye, biyu-biyu, sanduna na tsallake su. Na tambaya. Ta ce ranakun hutu ne, Asabar da Lahadi, haka manhajar ta zo da su.

Na ce, "Hutun wa? Wa kika taɓa gani ya kwanta ran Asabar a garin nan? Juma'a fa? Kina ganin magini zai riƙe cokali ran Juma'a har yamma? Da hantsi zai wanke hannu, ya sa riga, sai kuma gobe."

Ta dafe goshi. Ta shiga wani wuri ta taɓa, tokar ta tashi daga Asabar da Lahadi ta koma Juma'a. Sanduna suka ɗan yi motsi suka zauna. Mako guda ina ba da labarin nan a majalisarmu ta bakin masallaci, kullum ina ƙara masa gishiri. A ƙarshe ma cewa na yi na'urar ce ta nemi shawarata.

To, ga inda nawa ya fito.

Akwai wasu mutum shida daga Katanga da ke zuwa cire mini albasa duk shekara, tun ubannin wasunsu. Majiya ƙarfi ne, kuma babbansu kafinta ne in ba lokacin gona ba. Tun kafin in yanke wa albasata ruwa na gamu da shi a Jega, na damƙa masa goro, na ce mako kaza ina jiran su. Ya ce to, Baba. A wurinmu in ka karɓi goron dattijo, magana ta ƙulle.

Abin da ban sani ba, su ɗin ne Uwata ta ɗauka su ɗaura katako su buga kwano. Ita ma sun ce mata to. Ba yaudara suka yi niyya ba. A ganinsu gida ɗaya ne, uba da ɗiya, kuma in maganar uba da ta ɗiya suka haɗu a rana ɗaya, ai ba sai an tambaya wadda za a bi ba. Za su zo gonata, rufi ya jira. Ba su ga abin faɗa mata ba, don sun ɗauka mun yi magana a gida.

Na gano haka ne wata safiya da na leƙa allon, na ga jar sanda mafi tsawo ta kwanta daidai a kan makon cirar albasata. Na tambayi su wa za su yi, ta faɗa. Mutanena ne na Katanga.

Sai na yi shiru. Wallahi shiru na yi, kwana huɗu. Ina shan kunu tana gefe tana duba lissafin katakon da za a kawo daga Maiyama, ina ce mata Allah ya yi albarka. A raina ina cewa, ai ni na riga ba da goro. Albasa in an yanke mata ruwa ganye ya kwanta, ba ta son daɗewa a ƙasa a zafin bazara, rana na dafa ta. Rufi kuma ai ba ya ruɓewa. Haka na yi ta ba kaina fatawa. Amma kullum na wuce zaure sai in ga layin nan na tsaye ya ƙara matsowa kusa da jar sandar.

Rana ta biyar na zauna kusa da ita na ce, "Uwata, a ce, misali kawai, wagga jar ta yi jinkirin kwana shida?"

Ta kama sandar ta ja ta. Zi ya yi tsalle ya faɗa can cikin kwanakin da ko makaho ya san iska ta fara ƙamshin ruwa.

Ta juyo ta dube ni. Kallon mahaifiyata sak, ranar da na sayar da zakaranta na ce shaho ne.

"Baba, misalin nan yana da gona?"

Na ce yana da ita.

"Yana da goro?"

Na ce ya riga ya bayar.

Na zaci za ta yi fushi ko ta yi kuka. Sai ta gyara zama ta buɗe sabon layi a ƙasa ta rubuta wani abu. Ta ce ta rubuta cirar albasar Baba. Ta tambaye ni kwana nawa ake cira, na ce huɗu. Kwana nawa take shan iska a gona kafin a kwashe, na faɗa. Kwana nawa za ta iya ƙara jurewa a ƙasa, tsakani da Allah, ba irin lissafin majalisa ba. Na yi ta muzurai, sannan na ce biyar, in an matsa shida. Sai ga sandata ta fito, shuɗiya, da ɗan zarenta a wutsiya. Ban taɓa ganin gonata ta zama ƙarama haka ba.

Sannan ta ce, "In an cire, ta sha iska, ina za ka zuba ta? Ka kafa rudu bana?"

Ban kafa ba. Ni ne ma na fi kowa cika baki a taro cewa zamanin rudu ya wuce.

Ta zaro kibiya daga wutsiyar sandata ta kai ta jikin zi. Ashe ni ma can ruwana zai gangara. Da na janye mutanen, da na cire albasa da wuri na jibge ta a fili, ni da sauran jama'a, muna kallon ɗaki ba rufi.

Da azahar na hau babur na tafi Katanga. Na sami kafintan yana fiƙe tsinin wani katako a ƙofar gida. Na ce su fara da rufi, gonata ta biyo baya.

Ya ce, "Baba, goron fa?"

Na ce goro na nan a matsayinsa, rana ce ta matsa.

Ya yi murmushi ya ce, "Wato injiniya ta fi ƙarfin gida."

Na ce, "Kai dai buga ƙusarka. Uwata ce, ka taɓa ganin wanda ya yi gardama da uwarsa ya ci riba?"

Kwana shida suka yi a sama. Kullum da yamma nakan je in tsaya daga nesa kamar mai wucewa, in dawo in leƙa allon in ga duhu ya ƙara cin jar sandar. Daga nan in zarce gona in tona albasa ɗaya in latsa wuyanta. Zaren wutsiyar sandata yana ta gajercewa, ni ma haƙurina haka. Ranar da aka buga fallen kwano na ƙarshe, zaren ya ƙare ƙaf, sandata ta rikiɗe ta zama ja. Uwata ta ce, "Baba, yau kai ne babban mutum a allon nan." Washegari da sassafe mutanen Katanga suna cikin gonata.

Fangali biyu na gefen tudu, inda ƙasa ta fi yashi, rana ta dafa su. Albasar ta yi laushi a kafaɗa, ba ta ajiyuwa, sai muka raba wa maƙwabta aka yi ta miya. Na yi ƙorafi iya ƙarfina don kada a saba. Sauran kuwa ta shiga ɗaki lafiya, hawa na biyu daga ƙofa, kusa da ta wani dattijo cikin masu gyaran muryar nan. Ya zagaya ya ɗaga kai ya dubi rufin ya ce iska na shiga da kyau. Daga bakinsa wannan babban yabo ne.

Ruwa ya sauko bayan kwana uku da kwashe ta ƙarshe, da rana tsaka. Muna cikin ɗakin ni da Uwata, ƙarar kwano ta hana mu jin juna. Ta bi bango tana duba ko akwai ɗiga, ba ta samu ba. Ta dawo ta buɗe kwamfutar a kan buhu, ta kama yatsana ta ɗora a kan zi, ta ce in danna. Na danna, alamar an gama ta fito a gefensa.

A majalisa na ce ni na rufe aikin da hannuna, kuma ban yi ƙarya ba. Zancen goro ne dai ban kawo ba, sai da kafintan ya zo sallar Juma'a garinmu ya ba da shi gaba ɗaya, har da kwaikwayon muryata.