Malam Ummaru bai taɓa cin tsirena kyauta ba

Ina tsugune a kwata da safen nan, ina wanke kayan ciki, labarin ya same ni. Malam Ummaru Ticha ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yadda aka faɗa mini ne ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu, ko wanka ban yi ba. Wani abokin sana'ata ne ya dafa ni ya ce, "Bawa, ka jiya? Malam Ci-kyauta ya cika. Allah shi jiƙan shi, kai ko tsirenka ya huta."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Sunan da duk layinmu na Tudun Wada ke kiransa da shi ke nan in ya juya baya. Yau nake so a binne sunan nan kafin a binne shi.

Waɗanda ba su san ni ba, ni barunje ne, fawa na gada kaka da kakanni, ina da tukubar tsire bakin titi. Na haura arba'in, babbar ɗiyata tana ajin ƙarshe a sakandare. Abin da ba ku sani ba, har matata ba ta gama sani ba, shi ne na daɗe ina son shiga makarantar kiwon lafiya in zama mai duba nama. Sauran darussa duk ina da su tun da jimawa. Turanci ne ya tsaya mini kamar ƙashi a wuya. Na rubuta jarrabawarsa na faɗi, na sake na faɗi, duk a ɓoye, don in 'yan kwata suka ji, na shiga uku da tsiya har jikokina.

Malam Ummaru tsohon malamin Turanci ne, ya yi ritaya. Wata rana bayan azahar ya zo wucewa, ya tarar ina tsire nama da iyafis ɗin waya a kunne, bakina yana motsi. Ya tsaya ya saurara, sannan ya ce, "Barunje, wanga wane irin wuridi na kaka ja da Turanci?"

Kunya ta kama ni. Na faɗa masa gaskiya, na roƙe shi ya rufa mini asiri.

Washegari sai ga shi ya dawo ya zauna a bencina. Na yi masa maganar biya, ya ɗaure fuska. "Ba ni son kuɗɗinka. Amma mutum ba shi zama gaban wuta kullum babu dalili, mutane na tambaya. Bari mu ba su dalili. Gasa man tsinke guda."

Haka muka fara. Babu littafi, babu biro, don kada wani ya gani ya gane. Ina tsire nama, yana magana ƙasa-ƙasa. Duk mai wucewa tsoho yake gani yana jiran tsire, ya ci, ya share baki, ya tashi bai sa hannu aljihu ba.

Akwai wata irin jimla da ta fi ba ni wuya, wadda ake bayanin abu da abin da aka yi masa da yadda aka yi shi. Mu a Hausa sai mu ce naman da aka yanka yanzu-yanzu, shi ke nan. Ni kuwa in na zo Turanci sai in ce "the meat which cut". Malam ya riƙe haɓa ya ce, "Subhanallahi! Naman na yay yanki mutum, ko shi anka yanka?"

Sai ya karɓi tsinke a hannuna. Ya soke tsoka ta farko ya ce wannan "the meat". Ya ƙara biyu, "which" da "was". Ya ɗauki ɗan kitse ya soka, ya ce wannan "freshly", kalmar da ke faɗin yadda aka yi aikin. Ya rufe da tsoka, "cut". Ya ɗaga mini shi ya ce, "Kai ka taɓa sa kitse bakin tsinke ya ɗige cikin wuta? Tsakani aka sa shi. Wani wuri yana zuwa ƙarshe, amma wannan darasin sai nan gaba. Yanzu dai riƙe wanga."

Wallahi abin da aka yi shekaru ana buga mini a allo bai shiga ba, ranar ya zauna daram.

Daga nan duk abin da ya gilma sai ya zama jimla. Saniyar da aka sayar a ɓoye, "the cow which was secretly sold". Ragon da aka feɗe da ganganci, "the ram that was carelessly skinned". Titin gabanmu ma bai tsira ba, wanda ya ce "was hurriedly repaired", ruwan farko ya tafi da shi. In na yi daidai ba ya yabo, sai ya ce yajin yau ya yi daɗi. In na kwafsa ya ce gishiri ya yi yawa. Masu saye suna tsaye suna ji, suna cewa ka ji tsoho, kyauta ma sai ya yi ƙorafi.

Ran da yarona ya kwanta asibiti na rufe tukuba, shi ya fara zuwa dubiya, da lemu a leda, a kan tsohon mashin ɗinsa mai tari.

Sunan Ci-kyauta ya bi gari har ya kai gidansa a Minanata. Wata rana ɗansa Nasiru ya same ni, saurayi mai kunya, idonsa ja. Ya ce, "Don Allah Kawu Bawa, ka bar ba Baba naman ga. In yunwa ta, mu muna iya saye mai. Har masallaci muna jin abin da aka hwaɗi."

Na ba shi haƙuri, ya tafi. Ranar na ce wa Malam ya isa haka, zan faɗa wa kowa, a yi mini dariyar in huta. Ya ƙi. Ya ce, "In ka hwaɗi yanzu, suna sa ka gaba da ba'a har ka aje karatun. Na san 'yan kwata, na kuma san ka. Bari takardar sakamako ta hito. Rannan ni da kai za mu tahi kwata da sahe, ka ɗaga ta, ni ko in ce a biya ni bashin sunana da balangu."

Na sake roƙonsa ba sau ɗaya ba. Amsar ke nan kullum.

Makon jiya na rubuta takardar Turanci, ina zaune cikin sa'o'in ɗiyata da hula har gira. Daga can na wuce Minanata, don ya kwana biyu bai fito ba, ƙafafunsa sun kumbura. Na same shi a zaure kan tabarma. Bai bari na gama gaisuwa ba ya ce, "Jimlar ta hito?"

Na ce irin jimlarmu ta fito, har wuri biyu.

"Ina kas sa kitsen?"

Na ce tsakani.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da zan tafi ya ce, "Saura kaɗan, Barunje. Ka yi haƙuri, ni ma ina yi."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Sakamako bai fito ba. Ban san ko na ci ko na sake faɗuwa ba. Abin da ke cin raina shi ne ya tafi ɗansa yana jin kunyarsa, mutanen da ya koyar da 'ya'yansu suna yi masa kallon makwaɗaici. Da ma na ƙi jin maganarsa sau ɗaya. Da ma Allah ya ara masa 'yan watannin nan.

Malam, ka yafe mini, yau na saɓa maka. Ba zan iya jiran takarda ba alhali bayan azahar za a sa ka a ƙasa.

Nasiru, mahaifinka ba yunwa ke kai shi tukubata ba. Mutuncinsa ya shimfiɗa don nawa ya tsira.

'Yan kwata, ga ni, ni ne ɗan makarantar. In sakamako ya zo na faɗi, ku yi mini duk tsiyar da kuka ga dama, zan ɗauka. Amma duk wanda ya san bakinsa ya taɓa kiran sunan nan, ya zo Minanata yau ya tsaya a sahu, ya kama hannun yaron nan ya ba shi haƙuri.

Ya Allah, bawanka Ummaru ya rufa asirin wani a duniya, ka rufa masa nasa ranar tonon asiri. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya zukatan iyalinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ku ambace shi da sunansa na gaskiya, Malam Ummaru.