Katakon Kurmi a Tashar Jidda

Ina saurayi na zo aikin hajji, ban koma gida ba. Na samu aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, na kama ɗaki a unguwar Ruwais, a gidan wata dattijuwa Bahaushiya haifaffiyar garin. A zangon Hausawa na tashi, can cikin kurmi, inda mahaifina ke fataucin goro. Na saba da ruwan sama da inuwa. Nan kuwa sai in yi tafiya daga gida har tasha ban ga itacen da zai rufe kaina ba. Ranar Juma'a, da an sauko masallaci, kowa ya nufi danginsa, ni in koma ɗaki in zauna.

Wata rana muka sauke katako daga wani jirgi. Ƙamshinsa kawai na ji na gane irin itacen bayan garinmu ne. Na tsaya ina shafa shi har shugaban aiki ya daka min tsawa in yi sauri, "Yalla!"

Na ɗauko ɓaraguzan katakon na kawo gida. Dattijuwar ta shinshina, ta ce, "Ɗana, wannan fa?"

Na ce, "Hajiya, itacen ƙasarmu ne. Mutum biyar ba sa rungume gindinsa."

Ta yi dariya, ta ce halas, wato shi ke nan, kewa ta fara taɓa min kai. Amma ta kira jikokinta su ji. Ina ba su labarin kurmi da Hausa, suna tambaya da Larabci. Babbar cikinsu ta ce, "In ana ta sarewa, me ya rage?"

Na yanke shawarar in tambayi gida. Na rubuta wa tsohon malamina na firamare wasiƙa. Sai bayan wata huɗu amsa ta zo: an share kurmin gabashin gari kakaf, saura gefen rafi, kuma yaran makarantarsa ba su san sunan ko itace ɗaya ba.

Na sake rubuta masa, na roƙe shi ya riƙa shiga da su gefen rafin duk Asabar, su koyi sunayen daga bakin tsofaffin mafarauta. Ya yarda. Daga baya malamai uku suka bi shi, suka nemi mai gari ya hana sara a wurin. Haka ƙungiyarmu ta kare kurmi ta faro, ni ina Jidda, ban da komai sai wasiƙu.

Malamin ya rasu kafin in samu komawa. Ɗalibansa ne suka tare ni a tashar mota, ban san fuskar ko ɗaya ba.