Na'urar Jirgi a Kan Amalanken Shanu

Wata Asabar ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar. Ina durƙushe a gindin rijiyar gidanmu na Yindiski ina dirje tukunyar tuwo da toka, Baba ya ƙwala mini kira daga zaure. A lokacin ni ce mai karatun gidan. Wasiƙa, takardar asibiti, rubutun jikin buhun taki, duk ni ake kira, kuma ban taɓa karanta abu sau ɗaya na miƙa ba, sai na maimaita sau uku don tsoron kuskure. Na goge hannu a zanena na shiga, na tarar da Baffa Garba, ƙanin Baba, wanda ke tuƙa jirginsu na katako mai inji a tafkin Chadi. A gabansa ga wani farin abu kamar kwanon sha a kife, da ɗan allo mai haske. Ya ce na'urar nuna hanya ce, da ita ba ya sake ɓacewa cikin ciyayin tafki.

Takardarta da Turanci take, amma mai sauƙi, har da hotuna. Na bi ta da yatsa na faɗa musu: a ɗaura ta a kan jirgin da za ta zauna, kibiyarta ta kalli goshin jirgin, a zagaya a hankali sau biyu a kan ruwa don ta saitu, nesa da ƙarfe. Baffa ya ce shi ba shi da lokacin wasa a bakin tafki masunta suna kallonsa, a nan za a gama komai, zagaye ai zagaye ne. Aka fito da amalanken shanunmu na kai taki gona, wanda gabaɗayansa ƙarfe ne, aka ɗaure na'urar da robar taya a jikinsa, aka ɗora batir, aka nufi filin ƙwallo na bayan makarantarmu. Bijimai biyu suka yi ta kewayawa, yara na binsu da ihu. Da na'urar ta yi ƙara ta kawo koren haske, kowa ya tafa. Na matsa na ce a hankali, "Baffa, takardar ta ce ban da ƙarfe." Ya dube ni ya ce, "Ke takardar ce ta haife ki? Ga shi na'urar da kanta ta yarda." Aka yi dariya, har da Baba.

Bayan sati uku Baffa ya dawo, ya rame, leɓɓansa duk sun tsage. Na'urar ta karkatar da shi, ya yi yini biyu yana yawo tsakanin tsibirai, mai ya ƙare, kifin ya ruɓe aka zubar. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji shi yana cewa yarinyar nan ce ta karanta ba daidai ba. Na jira Baba ya ce ai a gabansa na faɗa, har sau biyu. Bai ce ba. Ya waiwayo ya ce, "Karatun naki ke nan, Hajara?" Har yau in na tuna, sai na ji zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa kunne.

Ban bari ba. Na tsinci takardar a bayan randa, na kai wa Malama Asabe mai koya mana Turanci. Ta ce ko kalma ɗaya ban kuskure ba: na'urar ta saba da ƙarfen amalanke ne, da aka mayar da ita jirgin katako sai ta rikice. Ta rubuta haka a ɗan guntun takarda. Na kai wa Baba. Ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Na sani. Amma ba a ƙaryata babba saboda yaro." Wato ya sani! Kuma don kada ran Baffa ya ɓaci, daga ranar wasiƙun gidanmu sai aka riƙa kai wa ɗan maƙwabta, wanda na fi shi a kowace jarrabawa. Ina jin muryarsa daga zaure yana tuntuɓe da kalmomi, ni ina surfe, ina gyara masa a zuciyata, ina dukan turmi kamar zan fasa shi.

Yanzu kowace waya tana nuna gabas da yamma, 'yata ma juya tata take a iska ta saita ta. Baffa ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma bara ya miƙo mini kwalbar maganinsa ya ce, "Duba mini, ke ba kya kuskure." Shekara da shekaru nake jiran wannan magana, amma da ta zo sai na ji ba tawa ba ce. Na karanta masa sau uku. Yarinyar da ke gindin turmi ce ya kamata ta ji ta.