Waƙar Lusiya Tana Bakina Har Yau

Ina tsaye a tashar bas ta Fordham Road a New York ranar wata Laraba da hantsi, riƙe da ledar lemo da zan kai wa tsohon da nake jinya asibiti, wayata ta yi ƙara. Matar ofishin kamfanin da ke tura mu jinyar tsofaffi a gidajensu ce. Ta ce, "Ramatu, an rufe case ɗinki, tsohon ya rasu jiya da yamma. Ranar Litinin akwai wata tsohuwa a unguwar Morrisania." Haka labarin rasuwar Baba Silvano ya iso mini, a numfashi ɗaya da na sabon aiki. Na yi salati, bas ta zo ta wuce ban shiga ba.

Shekara huɗu na yi ina jinyarsa, tun bayan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ya kashe masa hannun dama. Ni 'yar zangon Kumasi ce, shi kuma mutumin wani ƙauye ne a kan duwatsun kudancin Italiya, da guntun Turancinmu muke fahimtar juna. Ranar da na fara zuwa na ɗauka tsoho ne kamar sauran, mai ƙorafi a kan gishiri da sanyin taga. Sai da na zo goge ƙura na ga hotonsa a jikin faya-fayan garmaho, saurayi mai gashi cunkus rungume da jita. Na ce, "Baba, wannan ɗanka ne?" Ya ce, "Ni ne, kafin tsufa ya yi mini fashi."

A hankali na san ko wane ne. Ɗan magini ne, ya fara waƙa a bukukuwan ƙauyensu, shi ke tsara baitinsa shi ke kaɗa jitarsa. Yawancin waƙoƙinsa a kan masu barin gida ne: saurayin da ya shiga jirgin ƙasa da akwatin kwali, da uwar da ke ajiye kwanonsa ko zai dawo. Ya ce akwai lokacin da rediyon ƙasarsu ba ya yini bai sa muryarsa ba. Ya rubuta littattafai uku, ɗaya a kan ƙauyensu, ɗaya a kan yawon waƙa, na ukun a kan matarsa. Daga baya shi ma ya bi sahun mutanen waƙoƙinsa, ya zo New York, ya ƙare yana waƙa a gidajen abinci ana ta ƙarar cokula. Bai taɓa faɗin haka da ɗaci ba. Yakan ce, "Mawaƙi da mai gasa burodi sana'arsu ɗaya, Ramatu. Ba ruwanka da wanda ya ci, kai dai kada ka bari ya kwana a hannunka."

Mutum ne mai taurin kai, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Mun sha yin rigima a kan magani, yakan ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe kamar ƙaramin yaro, in na kama shi ya ce ni ce ɗan sandan da Allah ya jarrabe shi da shi. Amma tun ranar da ya gan ni ina sallar azahar a lungun kicin, ya sa aka janye teburin falo, ya ce nan ne wurina. In na tayar da kabbara sai ya kashe rediyo da hannun hagu ya yi shiru har in sallame. Da azumi kuwa ba ya yarda in ba shi abinci ina kallo, sai ya ce in ajiye in juya baya, ko da rabin miyar za ta ƙare a rigarsa. Uban da ya haife ni ya rasu ina nan ban samu zuwa jana'iza ba, Baba Silvano ne ya zauna da ni yini guda ina kuka, yana bubbuga bayan hannuna.

'Ya ɗaya gare shi, Lusiya, tana zaune a can wata jiha mai nisa. Sau ɗaya take bugo waya a shekara, maganar ba ta wuce yaya jiki. Sai a shekara ta uku ya gaya mini dalili. Lokacin da matarsa ke ciwon ajali yana can yawon waƙa, ya ce saura gari biyu ya dawo, Lusiya ce kaɗai a kanta har ta cika. Ya rubuta littafi guda a kan wannan mata, duniya ta karanta ta yaba, 'yar ta mayar masa da nata kwafin ta gidan waya ba ta buɗe ba. Ya ce, "Na iya ba dubban mutane haƙuri a kan dandamali, na kasa ba mutum ɗaya a ɗaki."

A watanninsa na ƙarshe ya fara gunguni da wata waƙa, kullum bayan karin kumallo. Hannun rubutu ya mutu, na hagu kuma in ya kama biro sai ka ce kaza ta yi tonon ƙasa. Na ce ya bari in ɗauka a waya, ya ƙi ƙememe, ya ce ba wanda zai ajiye wannan fasasshiyar murya bayansa. Sai ya tambaye ni yadda na haddace abin da nake karantawa a sallah alhali ba na jin Larabci. Na ce malam ke biyawa muna maimaitawa har ya zauna. Ya ce, "To, ni ne malaminki daga yau." Haka muka yi wata uku, yana biya mini layi-layi da harshen ƙauyensu, ina maimaitawa ina wanke kwanuka, yana dariyar yadda nake murɗe kalmomi. Baiti biyar ne. Bai fassara mini ba, ya ce ba tawa ba ce, ta Lusiya ce. Ya ce, "In na mutu dole ta zo. Ki tsaya gabanta ki rera mata." Na ce ya daina irin wannan magana, amma na ce insha Allahu, na ɗauki amana.

Washegarin samun labari na dafa wake da shinkafa na tafi gaisuwa. Lusiya ce ta buɗe ƙofa, doguwa mai hancin ubanta, idanunta jajur, falon cike da kwalaye. Na yi mata ta'aziyya, ta karɓi kular abincin kamar ba ta san yadda za ta yi da ita ba. Har na juya sai ta ce, "Ya taɓa ambatona?" Na ce, "Kullum." Ta tsaya tana kallona, tana jira. Waƙar tana nan a maƙogwarona, amma bakina ya ƙi buɗewa. A inda na tashi ba a waƙa a gidan mutuwa kwana biyu da rasuwa, wanda ya yi haka sai a ce ba shi da tarbiyya. Na ce a raina in bari a yi bakwai, hawaye ya ɗan tsane, ai masu makoki ba inda za su. Na ce mata zan dawo, akwai saƙo. Ta ce to, na gode.

Ranar bakwai na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, mai kula da ginin yana shafa farin fenti a bango. Ya ce an ƙone gawar tun ranar Juma'a, 'yar ta ɗauki tokar da jitar ta hau jirgi ranar Asabar. Na zauna a kan matakala. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, na san ba sa zaman makoki irin namu, amma a ranar da ya kamata in tuna sai al'adar gida ta rufe mini ido.

Na roƙi ofishinmu lambarta, suka ce doka ta hana. Na rubuta takarda na ba su su aika, ban san ko ta tafi ba. Na je wurin wani tsohon Ba'italiye mai gasa burodi na rera masa a bakin kantinsa, ya saurara har ƙarshe, ya ce harshen mutanen dutse ne kuma bakina ya ƙara lanƙwasa shi. Abu biyu kawai ya tsinta, sunan Lusiya da kalmar ƙofa. Babu kabarin da zan je in ce masa na gaza. Kullum da safe ina rera ta ina wanke kwanukan tsohuwar Morrisania don kada waƙar ta zube, kuma tuni na fara shakkar wani layi a baiti na huɗu, ba kuma wanda zai gyara mini.

Baba Silvano ba addininmu ɗaya ba, na kuma san iyakar abin da bakina zai iya roƙo. Na bar shi a hannun Wanda ya halicce shi, Mai rahamar da ta fi tunaninmu faɗi, Shi ya ga teburin da aka janye da rediyon da aka kashe. Allah ya ba Lusiya haƙuri, ya sanyaya mata zuciya a kan uwa da uba, ya yafe mini shirun da na yi a bakin ƙofa. Ya Allah, ka haɗa ni da ita tun baitin nan biyar suna cike.