Zinatu da Waƙoƙin Tsohon Bature

Zinatu Bara'u ta koyar da wasan kwaikwayo shekara tara a wata jami'a a arewacin Najeriya kafin ta samu gurbin yin digiri na uku a Manchester. Tana da shekara arba'in da ɗaya a lokacin. Abin da ta zo nazari a kai shi ne wasannin daɓe masu waƙa na wani fitaccen Bature mai tsara kiɗa, wanda ya riga ya rasu. Tun tana ɗaliba take sauraron waƙoƙinsa, har ta haddace da yawa. A gidanta ba wanda ke kiran sunansa, sai dai a ce "Tsohon Mama".

Mijinta Abdurrahim akanta ne, a Birmingham ya samu aiki, don haka shi da 'yarsu Hanan suka zauna a unguwar Sparkbrook da ke can. Ita kuwa ɗaki ɗaya ta kama a unguwar Hulme ta Manchester, tare da 'yan mata uku da ta kusa haifarsu. Duk Juma'a da yamma sai ta hau mota zuwa Birmingham, ta yi miyar mako guda, ta yi wa Hanan kitso, ran Litinin da asuba ta juya. Haka ta yi shekara huɗu.

Hujjarta ba mai wuya ba ce. Cewa take yi mutanen da ke cikin wasannin tsohon ba sa fara waƙa sai magana ta gagare su. Babin da ta fi so shi ne na biyar, inda ta kwatanta wannan da waƙoƙin da mata ke yi a bakin turmi a garinsu, masu faɗin abin da ba za su iya faɗa wa miji ido da ido ba. Wata takwas ta kwashe a kansa, har kakarta Mero ta rera mata wasu ta waya.

Ran da ta kare kundin bincikenta, masu jarrabawar suka yaba mata, sannan suka ce a cire babi na biyar. Wai ya fita daga maudu'i. Suka ba ta wata shida ta gyara.

A tashar mota ta kira mijinta.

"An ci ko ba a ci ba?" ya tambaye ta.

"An ci, amma da gyara. Sun ce in cire na Inna Mero."

"To ki cire mana, Maman Hanan. Ki gama ki dawo gida. Mun gaji da ganinki weekend kawai."

Ba ta yi musu ba, don ita ma ta gaji. Ta cire babin, ta miƙa kundin, aka ba ta digirin. Inna Mero ta rasu kafin bikin yaye su. Zinatu ta tattara littattafanta ta koma Sparkbrook, ta kama koyar da Turanci ga manya a wata cibiya, kwana uku a mako. Wajen shekara guda ba ta kunna waƙar tsohon ko ɗaya ba. In ta ji a kanti ko a rediyo, kanta ne ke fara lissafin inda murya ta hau da inda ta sauka, daɗin kuwa babu.

Ana nan sai makarantar su Hanan da ke Erdington ta shirya yin ɗaya daga cikin wasannin tsohon. Hanan ce ta fallasa ta wurin malamar kiɗa, wata mai suna Delight, ta ce uwarta dakta ce a kan mutumin. Malamar ta kira har sau uku.

"Ni nazari na yi, ban iya waƙa ba," in ji Zinatu.

Malamar ta ce ba waƙa take so ba, yaran ne ba su san abin da suke rerawa ba.

Zinatu ta je ran Asabar da safe, da niyyar sau ɗaya. Yara ashirin ne a zaure mai sanyi, suna ta ihu da waƙar da aka rubuta don matar da mijinta ya tafi ya bar ta. Zinatu ta dakatar da yarinyar da ke jan baitin, ta tambaye ta ko akwai abin da ta taɓa son faɗa wa wani ta kasa. Yarinyar ta ce akwai, babanta. Zinatu ta ce kada ta faɗa wa kowa, ta sake rerawa kawai. Ta sake, a hankali. Sauran yaran suka daina wasa da kujeru.

Asabar tara ta yi tana zuwa, bas biyu zuwa, biyu dawowa, ga ciwon gwiwa. Wasan ya yi daidai gwargwado, wani yaro ma ya manta baitinsa. Da aka tashi malamar ta tambaye ta ko za ta dawo baɗi. Zinatu ta ce sai ta ga yadda jikinta ya yi.