Injiniya da Murfin Bakin Zarto

Kafinta ne, ɗan kafinta. Amma tun ranar da ya haɗa injin yanka katako da hannunsa, da motar da ke juya wani tsohon injin wanki da teburin da surukarsa ta jefar, ya daina amsawa in an ce kafinta. Injiniya yake so a ce, sunan kuwa ya bi shi.

Injin yana yanka, ba laifi. Aibinsa ɗaya: ramin da zarton ke leƙowa ta cikinsa a tsakiyar tebur ya cika faɗi, guntaye na faɗawa ciki, wani lokaci haƙoran su cafke su harbo. Da wani guntu ya fasa masa tabarau, sai ya ce dole a yi wa ramin murfi mai tsaga daidai kaurin zarto.

Aikin rabin yini ne. Injiniya ya kwashe wata biyar yana zaɓen abin da zai yi murfin da shi.

Ya ɗauki filawud, allon katakon nan mai hawa-hawa, ya ajiye, wai danshi zai ɓare shi. Ya ɗiga wa allon garin katako ruwa, ya zauna yana gadinsa har ya kumbura kamar burodi. Katako mai tauri kuwa, ya ce ba shi da alkawari, yau a miƙe gobe a karkace. Maƙwabcinsa mai walda ya gaji da jin lacca, ya kawo masa fallen alminiyam kyauta.

"Ƙarfe kusa da haƙori?" in ji Injiniya. "Maƙwabci, me na yi maka?"

"To ka sa kwali," mai walda ya ce, ya koma shagonsa.

Masu son kujeru suka yi ta sintiri har suka sauya kafinta. Shi kuwa ko a jikinsa.

Wata safiya ya leƙa kicin, ya tarar da matarsa tana yanka albasa a kan farin allon roba. Ya ƙwanƙwasa shi, ya kanne ido ya duba gefensa. Ba ya shan ruwa, ba ya karkacewa, ga santsi. Tana juya baya ya saka shi a hammata.

Kafin azahar murfi ya zauna daram, injin na yanka sumul.

Washegari sai ga matar a shago da wuƙa da kwandon albasa.

"Maigida, matsa. An ce allona ya sami aiki a nan, na biyo shi."

Kwana uku tana yanka albasa a kan teburin injin, mai walda na leƙowa yana yi musu sannu da aiki. A na huɗu Injiniya, ido jawur, ya je ya sayo mata sabo.

Yana miƙa mata ya ji kaurinsa a hannu, ya tsaya.

"Kin san wannan ya fi wancan..."

Ta fizge. Har yau a akwatin kayanta take kulle shi.